Yadda ƙaramin kamfanin iri zai sayar wa manomi, manomin kuma ya dawo baɗi

Mai sayar da takalmi in ya ce maka wannan zai yi maka daidai, nan take za ka zura ƙafa ka ji. Mai sayar da irin shuka ba shi da wannan sauƙin. Abin da ke cikin ledarsa ƙwaya ce, kamarta ɗaya da wadda manomi ya ajiye a rumbu, in ban da jan maganin da aka turɓuɗa mata. Aikin shekara da shekaru da masu bincike suka yi a Samaru ko Ibadan yana ɓoye a cikinta, ido ba ya ganinsa sai bayan wata uku ko huɗu, lokacin da manomi ya riga ya zuba kuɗin huɗa da taki da noma, damina kuma ba ta komawa baya. Shi ya sa tallar iri take da nata ƙa'idojin, haka ma tallar duk wani kaya da ya fito daga kimiyyar halittu, kamar rigakafin kaji ko maganin feshi. Kana neman mutum ya damƙa maka amanar abincin gidansa na shekara guda, a kan maganar da ba zai iya tabbatarwa yau ba.

Na daɗe ina wannan aiki tsakanin Zariya, Funtuwa da Kano. Abin da zan jero nan shi ne tsarin da nake ba duk wanda ya zo mini da ƙaramin jari yana son kafa kamfanin iri, ko yana son zama babban wakilin wani kamfani.

Mataki na farko: ka san kayanka har ka san inda ƙarfinsa ya ƙare

Kafin ka buga leda ko ka biya kuɗin rediyo, zauna da wanda ya samar da irin. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce ke fitar da nau'o'in da sunansu ke farawa da SAM: SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa. Geron SOSAT ya fito ne ta cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, shinkafar FARO kuma ta cibiyar Badeggi, waken suya mai suna TGx daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Kowane nau'i yana da takardar bayaninsa. Nemi takardar, sannan ka yi tambayoyin da takarda ba ta cika amsawa ba. Kwana nawa yake yi kafin ya nuna? A wace ƙasa aka gwada shi, jigawa ko laka? Me yake jurewa, me kuma yake kayar da shi? In taki ya yi ƙaranci, yaya yake yi?

Tambayar nan ta inda ƙarfinsa ya ƙare ita ce mafi muhimmanci, kuma ita ce masu talla suka fi gudu. Ɗauki waken SAMPEA 20-T da aka sake shi a Disambar 2019. An ƙera shi ne don ya kare kansa daga tsutsar nan mai huda fure da kwanso, wadda masana ke kira Maruka, wadda in ta yi tsanani takan cinye har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas, da wannan irin sau biyu ya ishe shi. Amma sau biyun nan dole ne, domin irin ba ya maganin darɓa da sauran ƙwarin da ke tsotse kwanso. Duk wakilin da ya ce wa manomi “wannan ba ya buƙatar feshi” ya cuci manomin, ya cuci irin, ya kuma toshe wa kansa ƙofar ƙauyen.

Haka batun kwanaki. Masarar da ke yin kwana 110 zuwa 120 ta dace da Saminaka ko Giwa, inda damina ke da tsawo. Ka kai ta arewacin Jigawa, ruwa zai ɗauke tana tsakiyar goyo. Can sai mai kwana 80 zuwa 95. Irin da ya yi kyau a wani wuri, in aka sayar da shi inda bai dace ba, sunan kamfani ne zai lalace.

Mataki na biyu: takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma kada ka tsallake shi. Yi wa kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, sannan ka nemi lasisi a hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, wato NASC, wadda dokar 2019 ta ƙara wa ƙarfi. Iri hawa uku ne: na mai bincike, sai irin tushe da ake ninkawa daga gare shi, sai wanda aka tantance, shi ne ake sayar wa manomi da shuɗin tikiti. Jami'an hukumar ne ke duba gonar da ka noma irin, su gwada shi a ɗakin gwaji, kafin su ba ka tikitin. Akwai kuma lambar nan da ake kankarewa a jikin leda a tura ta waya don a tabbatar ba jabu ba ne. Koya wa manomi kankare ta a gabanka, wannan ma talla ce. In za ka sa talla a rediyo ko allon bakin hanya, dokar 2022 ta ce sai hukumar kula da tallace-tallace, wato ARCON, ta duba ta tukuna.

Mataki na uku: zaɓi wuri ƙarami, ka fara da sauraro

Kuskuren sabon shiga shi ne son mamaye jiha uku a shekarar farko. Zaɓi ƙananan hukumomi biyu ko uku masu yanayin ruwa iri ɗaya, waɗanda za ka iya zagayawa da babur a yini. A ciki ka ware ƙauyuka goma zuwa goma sha biyar.

Shiga ta ƙofa. Ka fara gaida dagaci ko mai unguwa, ka nemi sarkin noma, ka nemi malamin gona na hukumar raya aikin gona ta jihar, KNARDA in Kano ce, ko takwarorinta a sauran jihohi. Zuwan farko kada ka ɗauki iri. Ɗauki littafi da biro. Tambayi abin da suke shukawa, da inda suke samun irin, da abin da ya fi damunsu. A wani gari za a ce maka ƙuduji ya hana masara sakat, a wani a ce tsutsar nan ce mai cin zuciyar masara da ta bayyana a ƙasar nan tun 2016, a wani kuma yankewar ruwa ce. Amsarsu ita za ta nuna maka wane nau'i za ka kawo da kuma maganar da za ka fara da ita.

Kada ka tsaya kan maza kawai. Uwargida ce ta san masarar da ke yin tuwo mai danƙo da wadda ke ruɗewa. Mai ƙosai ta san waken da ke saurin wankuwa ya kumbura. Mai ƙuli-ƙuli ta san gyaɗar da ke ba da mai. In ba ka da ikon shiga gida, ɗauki mace ma'aikaciya, kuɗin albashinta zai fita. Sannan ka je kasuwar hatsi, Dawanau ko ta kusa da kai, ka ji abin da 'yan kasuwa ke biya da tsada. Farar masara ce gidaje suka fi so, masu haɗa abincin kaji kuma suna neman ja. Wake manya farare suna da kasuwa a Arewa, ja kuma ya fi tafiya a Legas da kewayenta. Mai kiwo yana auna wake da yawan harawarsa. Nau'in da ya fi kowa yabanya a gona amma kasuwa ta ƙi shi, manomi ba zai sake shuka shi ba, kuma yana da gaskiya.

Mataki na huɗu: gonar gwaji

Nan ne zuciyar aikin take, nan kuma ya kamata mafi yawan kuɗin tallarka ya tafi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a harkar iri babu maganar da ta fi wannan nauyi. Ƙungiyar Sasakawa, da ta shigo Najeriya a 1992, da gonakin gwaji a hannun manoma ta yaɗa noman masara mai aure, wato wadda aka samar ta hanyar haɗa nau'i biyu, a Arewa, har yau dattawa suna kiran tsarin shukar da sunanta.

A kowane ƙauye nemi manomi ɗaya. Kada ya zama wanda ya fi kowa kuɗi, domin in gonarsa ta yi kyau za a ce ai kuɗi ne. Nemi matsakaici, wanda ake ganin girmansa, mai zuwa gona da kansa, wanda gonarsa ke bakin hanyar kasuwa ko hanyar masallacin Juma'a. Ku auna fili biyu daidai wa daida, gefe da gefe, ko da mita 20 sau 20 ne kowanne. Ɗaya a shuka irinka, ɗaya a shuka nasa da ya saba. Rana ɗaya za a shuka su, taki ɗaya, noma ɗaya, hannu ɗaya. Kai ka ba da iri da shawara, shi ya yi aikin, amfanin kuma nasa ne gaba ɗaya. Kafa ƙaramin allo da sunan irin da ranar shuka da lambar wayarka, da Hausar boko, in da hali da ajami, domin da yawa daga cikin dattawan da ke yanke shawara a gida ajami suke karantawa.

Batun taki ɗaya ɗin nan, a gona na koye shi. A shekaruna na farko mun yi wata gonar gwaji da muka cika wa ɓangarenmu taki yadda littafi ya ce, lissafin kusan buhu 8 na kamfa da kusan buhu 3 na yuriya a hekta, muka bar ɓangaren manomin da abin da ya saba. Masara ta yi baƙi ƙirin, goyo kamar damtse. Ranar taro mutane suna ta yabawa, sai wani dattijo ya tsuguna ya tone gindin masarar da ɗan yatsa, ya ɗago kai ya ce, “Yaro, buhu nawa kuka zuba mata?” Na ce, “Baba, abin da masana suka ce ne.” Ya ce, “To ai ni buhu biyu nake iya saye. Nuna mini abin da za ta yi da buhu biyu.” Ya kaɗe hannunsa ya tafi, rabin taron suka bi shi da ido. Maganarsa daidai ce. Abin da muka nuna ranar aikin taki ne, shi kuma iri muka zo sayar masa. Tun daga lokacin, in zan yi gwaji sai in raba fili huɗu: irinmu da takin manomi, irinsa da takin manomi, sannan kowannensu da cikakken taki. Mai buhu biyu ya ga nasa, mai buhu goma ya ga nasa.

Ka riƙa leƙa gonar aƙalla sau ɗaya a mako biyu. Tazarar shuka ita ce ta fi kawo gardama. Ga masara ana son santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami, abin da zai ba ka tsiro wajen 53,000 a hekta da iri kilo 20 ko sama kaɗan. Manomin da ya saba jefa ƙwaya huɗu ko biyar a rami zai ga kamar ganganci ne. Kada ka yi musu da shi, ka yanko kara daidai tsawon tazarar ka ba shi ya auna da shi, gonar za ta yi sauran bayanin.

In gwajin ya lalace, ko fari ya buge shi ko dabbobi suka shiga, kada ka cire allo ka ɓace. Zo ka tsaya a gaban mutane ka faɗi abin da ya faru. Suna lura da wannan fiye da yadda kake zato.

Mataki na biyar: ranar manoma

Taro biyu ake yi. Na farko lokacin da shuka ta yi goyo ko fure, ana iya ganin bambanci da ido. Na biyu ranar girbi, kuma shi ne babba. A girbe filayen a gaban jama'a, a ɓare, a auna da tiyar garin, wani daga cikinsu ya riƙa ƙirga da ƙarfi. In ka auna mita 10 sau 10, ninka abin da ka samu sau 100 ya ba ka na hekta, sai ka mayar da shi lissafin buhu, domin manomi da buhu yake tunani. A dafa kaɗan daga kowanne a ɗanɗana. Kai kuma ka rage magana. Mai gonar ne zai yi bayani, da bakinsa, da abin da ya burge shi da abin da bai burge shi ba.

Akwai misalin da ya kamata kowane mai wannan sana'a ya sani, na buhun PICS mai ninki uku da ake ajiye wake ba tare da magani ba. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru ne suka gano dabarar: in ka toshe iska, ƙwaron wake zai daina ci ya mutu. Da aka tashi yaɗa shi daga 2007 a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu, a dubban ƙauyuka aka tara mutane aka zuba wakensu a buhun aka ɗaure a gabansu, aka ajiye watanni, sannan aka sake tara su aka kwance. Kowa ya sa hannu ya ɗebo wake lafiyayye. Bikin buɗe buhun nan ya yi abin da dogon bayani kan iskar shaƙa ba zai taɓa yi ba. Ranar girbinka ita ce taka ranar buɗe buhu.

Kafin a watse, rubuta sunan duk wanda ya nuna sha'awa da ƙauyensa da lambar wayarsa da yawan da yake so, bayan ka nemi izininsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana amfani da lambar mutum a abin da bai amince ba, mutunci ma ya hana.

Mataki na shida: harshen da za ka yi magana da shi

Bayanin da ya fito daga ɗakin bincike da Turanci yake zuwa, cike da tan a hekta da sunayen cututtuka. Aikinka ne ka mayar da shi maganar gona ba tare da ka ƙara gishiri ba. Takarda za ta ce irin yana iya ba da tan kaza, wannan adadin tashar bincike ne, inda ruwa da taki da kulawa suka cika. Faɗi abin da aka auna a ƙauyen da ke kusa, ka faɗi sunan ƙauyen, mutum ya je ya tambaya.

Kowane nau'i ka ba shi magana ɗaya da za a riƙe. Wannan na gonar da ƙuduji ya kama ce. Wannan yana nuna kafin ruwa ya ɗauke. Manoma za su raɗa wa irin nasu sunan, ka saurara ka ji, in sunan ya bi gari ka sa shi a leda kusa da sunan hukuma.

Abu biyu ne dole ka faɗa ko ba a tambaye ka ba. Na farko, in irin mai aure ne, a sani cewa in aka ɗebi iri daga amfaninsa aka sake shukawa, yabanya za ta ragu, gona ta fito ba daidai ba, don haka kowace shekara sai an sayi sabo. Wanda ba mai aure ba ana iya maimaita shi shekara biyu ko uku kafin a sabunta. Manomin da ya gano wannan da kansa a shekara ta biyu zai ɗauka an yaudare shi. Na biyu, irin da aka shafa wa magani guba ne. Ba a ci, ba a ba kaji, ba a ajiye shi inda yara ke wasa, a wanke hannu bayan shuka. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe da hoto.

In kana sayar da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kamar SAMPEA 20-T ko masarar TELA da aka fitar a farkon 2024, ka shirya wa tambayoyi. Mutane sun ji maganganu a waya, wasu na tsoron lafiyarsu, wasu na tsoron ƙasarsu. Kada ka raina tambayar, kada kuma ka ɓoye ko wane iri ne. Bayyana cewa an ɗauko wata siffa daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa cikin ƙasa aka sa wa shukar, ita ke sa tsutsar ta mutu in ta ci, kuma hukumar NBMA, mai kula da amincin irin waɗannan kayayyaki, da aka kafa a 2015 ita ce ke dubawa ta ba da izini. Wanda ya gamsu ya saya, wanda bai gamsu ba ka nuna masa wani nau'in. Abin da ya fi ƙarfin saninka, haɗa mai tambayar da masanin da ya yi aikin.

Mataki na bakwai: leda, farashi, lokaci da dillalai

Wanda bai taɓa gwada irinka ba ba zai sayi kilo 20 ba. Yi ƙananan ledoji, kilo 1 da kilo 2. Kilo 2 na masara zai rufe kusan kashi ɗaya cikin goma na hekta, wato 'yan kunyoyi a gefen gona, asarar da mutum zai iya ɗauka in abin bai yi ba. Kuɗin leda da ɗinki zai ƙaru, amma wanda ya sayi kilo 2 bana shi ne mai kilo 10 baɗi.

In ana maganar tsada, kada ka kwatanta kilonka da tiyar kasuwa, za ka sha kaye. Kwatanta kuɗin irin da ƙarin buhunan da aka auna ranar girbi, ka bar shi ya yi lissafin da kansa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Manomi yana sayen iri ne cikin 'yan makonni, daga ruwan farko zuwa shuka. In ya zo shago sau ɗaya bai samu ba, zai koma rumbu ya ɗebo. Duba hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara, ka tabbata kaya sun isa shagunan ƙauye aƙalla wata guda kafin saukar ruwa.

Dillalin ƙauye, mai shagon taki da maganin feshi, shi ne fuskarka. Abin da ya faɗa shi manomi zai ji. Tara su yini guda kafin damina ka koya musu kowane nau'i, ka kai su gonar gwaji, ka ba su riba mai tsoka da za ta sa su ambaci kayanka kafin na wani. Bashi kuwa sai da lura. Fara da kaɗan, a rubuce, da ranar biya. Ku kuma yi yarjejeniya tun farko cewa abin da ya rage bayan shuka zai dawo hannunka. Dalilin wannan zai zo a mataki na tara.

Mataki na takwas: rediyo da waya

Rediyo yana kai suna nesa, amma yana aiki ne in akwai gonar da za a je a gani da shagon da za a je a saya. Shirin da ake buɗe layi manoma su kira ya fi gajeriyar talla amfani, musamman in ka zo da manomin da ya yi gwaji ya yi magana da muryarsa. A WhatsApp, saƙon murya na minti ɗaya ya fi rubutu tafiya. Tura shi daidai lokacin aikin: ranar zuba takin farko, lokacin duba tsutsa, lokacin girbi. Hoton da za ka sa a Facebook ya zama na gonar gaske, da sunan gari da kwanan wata. Lambar da ke jikin leda kuma a sami mai ɗauka.

Mataki na tara: ajiya, da ranar da aka kawo ƙara

Iri abu ne mai rai, yana numfashi, yana tsufa. Zafi da laima ne ke kashe shi. Masana ajiyar iri suna da ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa duk ƙarin zafi na digiri 5 yana rage rabin kwanan iri, haka ma duk ƙarin kashi ɗaya na laima a jikinsa. Ka tuna zafin shagon kwano a watan Afrilu a Kano, ka ga abin da ke faruwa da ledar da ta kwana shekara a can. A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango, a sito mai iska, ba tare da taki a kusa ba.

Kafin kowane rukuni ya fita, gwada tsirarsa. Ƙirga ƙwaya 100, jera su a jiƙaƙƙen buhun algarara ko yashi mai laima, ka riƙa yayyafa ruwa, bayan mako guda ka ƙirga waɗanda suka fito da ƙarfi. In bai kai abin da tikiti ya ce ba, kada ya fita. Ajiye ɗan samfuri daga kowane rukuni da lambarsa.

Wata shekara wani wakilinmu ya haɗa ragowar bara da sabon kaya ya sayar. Mako biyu bayan shuka waya ta fara ƙara. Na isa garin na tarar da mutum bakwai zaune a ƙofar dagaci, kowa da ledarsa da ya ajiye. Na durƙusa na gaida shi, ya ce, “Ga mutanena, gonakinsu sun fito kamar haƙoran tsoho.” Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni izini in ga gonakin.” Muka zagaya su ɗaya bayan ɗaya, na duba lambar ledojin, na ga na bara ne. Na faɗa musu haka a gaban dagaci, na ce laifin daga wajenmu yake, domin mu ya kamata mu kwashe ragowar. Washegari muka kawo musu nau'i mai saurin nuna, kyauta, tun damina ba ta yi nisa ba. Ba su sami abin da ya kamata su samu a shekarar ba, wannan har yau yana damuna. Amma biyar daga cikinsu sun ci gaba da saye a wajenmu.

Ba kowace ƙara ce laifin iri ba. Wani ya shuka da zurfi, wani ruwa ya yanke masa bayan shuka, wani taki ya taɓa ƙwayar ya ƙone ta. Hanya dai ɗaya ce: ka je cikin kwana biyu, ka tona ramin ka gani, ka sake gwada samfurin da ka ajiye, sannan ka faɗi abin da ka samu.

Mataki na goma: littafi, da shirin baɗi

Bayan kaka zauna da littafinka. Kilo nawa kowane dillali ya karɓa, nawa ya sayar, nawa ya dawo, nawa ya biya? Wane ƙauye ne ya saya bayan gonar gwaji, wanne bai motsa ba? Tambayi kowane sabon mai saye inda ya ji labarinka, maƙwabci ko rediyo ko shago, domin ka san inda kuɗin talla ke haihuwa. Adadin da na fi dubawa shi ne na waɗanda suka saya bara suka dawo bana. In sun yi yawa, faɗaɗa zuwa ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. In sun yi kaɗan, dakatar da faɗaɗawa, ka ɗauki lambobi ashirin daga cikin waɗanda ba su dawo ba ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka ji dalili.

Abin da ka ji ka mayar wa masu bincike. In mata sun ce waken yana daɗewa a wuta, ko manoma sun ce karan yana kwanciya in iska ta taso, mai ƙirƙirar irin yana buƙatar jin haka, kuma kai ne kake tsaye inda ake faɗa.

Daga wannan lissafin ne za ka yanke yawan irin da za ka noma. Ka tuna cewa irin da za ka sayar a damina mai zuwa sai an noma shi a wadda ta gabace ta, ko a noman rani in kana da fadama, irin tushe kuma sai ka nema da wuri domin ba ya wadata. Don haka tun a watan Disamba ka miƙa buƙatarka ga cibiyar da ta fitar da irin, ka zauna da manoman da ke ninka maka iri ku rubuta farashin da za ka saya da ranar biya, ka kuma sanar da hukumar NASC gonakin da za a duba tun kafin a shuka su.